Kwamfutata da 'Yan Wawaso

Tsohuwar kwamfutata ta tebur Pentium 4 ce, mai Windows XP ɗin nan da aka daina yi wa gyara tun 2014. In na kunna ta, fankarta kan yi ta gurnani kamar injin markaɗe, har maƙwabta su san Malam ya zauna aiki. Wuta kuwa ta fi wat 100 take zuƙa. Da zarar an ɗauke, na jona ta a ɗan inbatanmu, sai ya fara kuka. Ranar da uwargida ta ce in zaɓa, ko kwamfuta ko fankar ɗakin kwana, a tsakiyar bazarar Kano, ban tsaya shawara da kowa ba.

Wani abokin aiki ne ya haɗa ni da Raspberry Pi 4. Ɗan allo ne kore, tsirara, girman katin ATM. Su Eben Upton na Kambirij a Ingila ne suka fitar da na farko a 2012 kan dala 35, don yara su koyi sarrafa kwamfuta. Wat biyar ko shida ya ishe ta. Na yi odar biyu, ɗaya ta rubutu, ɗaya ta ajiyar hotuna da takardu. Tsohuwar kuwa ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli, ya biya ni kuɗin ƙarfe, ya yi gaba.

Abin da abokina ya manta bai faɗa ba, kuɗin nan na allon ne zalla. Ba caja, ba marufi, ba memori. Ramin hotonta micro-HDMI ne, gilashina kuma VGA ya sani. Na shiga kasuwar Farm Centre neman abin da zai sasanta su. Yaron shago ya karɓe ta, ya jujjuya, ya duba gaba da baya, sannan ya ce, "Alhaji, wace waya aka fasa aka ciro wannan?"

Ashe yaron nan ya hango abin da ke tafe.

Da na haɗa komai, aiki ta yi, kuma shiru, ko tari babu. Linux take ɗauka ba Windows ba, amma LibreOffice ya ishi mai rubutu irina, har ƙ da ɗ da ɓ na samu. Matsalar ita ce duk abin da ke jikinta kayan waya ne. Cajarta USB-C ce mai bolt 5 da amfiya 3. Ƙwaƙwalwarta kuma ɗan memorin nan ne da ake zurawa a waya. Tsohuwar ta shekara da shekaru a gidan nan ba wanda ya taɓa kwaɗayin ko da dunƙulen wayarta. Wannan kuwa kowa ya kalle ta sai ya ga rabonsa.

Ina tsakiyar rubutu gilashi ya yi baƙi ƙirin. Na waiga, uwargida ce riƙe da caja.

"Malam, wannan taka akwai sauri! Ga tawa nan, yi maneji."

Na yi maneji. Tata cajar ba ta kai ba, sai gargaɗin ƙarancin wuta ya kafe a kusurwar gilashi. Kuma ita Pi 4 ba ta da maɓallin kashewa, sai a Pi 5 ta 2023 aka sa. In aka fizge mata wuta tana cikin rubutu a memori, yakan lalace. Ya kuwa lalace.

Ta biyun na ɓoye bayan littattafai. Ƙanwar uwargida, da ta zo hutu, ta gano ta wajen shara. Da na tambayi memori sai ta ce, "Yaya, ai ba komai a ciki. Wayata ce ta ce a yi fomatin, na danna to." Hotunan sunan yarana duka sun tafi, finafinan Indiya masu fassarar Hausa sun zauna a gurbinsu. Allon kansa a tsakar gida na tsince shi, autanmu ya zura zare a ramin kusa yana ja, wai tirela ce ta ɗauko shanu.

Na kira taron gida, na yi bayani a kan bolt da amfiya, kowa ya gyaɗa kai. Uwargida ta ce ta fahimta sarai, shi ya sa ma cajar ke cika waya da wuri. Wannan rubutun a waya nake yin sa da babban yatsa, don ta tafi biki Zariya da cajar, ta ce sai an kai amarya.