Hukuncin Warin Takalmi a Gidan Gaba

Ranar Litinin da ta wuce, da na idar da sallar Asuba ban ko tsaya lazimi ba, na kama hanyar tasha da niyyar zuwa Gusau, kuma da yake ban tarar da kowa ba sai ɗan kamasho yana hamma bisa benci, na yi hamdala, na miƙa hannu zan buɗe ƙofar gidan gaba. Sai na ji an ce, "Baba, wanga wuri da mai shi." Na leƙa, ban ga mahaluki ba illa warin silifa, na hagu, wanda maɗaurinsa ya tsinke aka maƙale da ƙusa. A bayansa kuwa ga hula, ga buta, ga ƙullin daddawa, kowanne ya kama kujerarsa cikin natsuwa, har mota ta cika maƙil alhali ɗan Adam ko ɗaya bai shiga ba.

Tun ran nan nake bin littattafan fiƙihu ina neman babin da wannan takalmi zai shiga. In an ce wakili ne, to malamai sun sharɗanta wa wakili hankali, shi kuwa ko sallamata bai amsa ba. In an ce tsintuwa ce, wajibi ne a yi cigiyarsa shekara guda a ƙofofin masallatai, daga Bukkuyum har Nasarawar Burkullu, kafin motar ta tashi. In kuma an ce raya mataccen wuri ya yi, ai Shehu Halilu a Muhtasar bai lissafa kewaye fili kurum cikin abin da ke jawo mallaka ba, sai an gina ko an dasa, shi ko takalmin nan bai dasa kome a kujerar ba sai ƙura.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɗan'uwansa na dama. Da na matsa da tambaya, sai ɗan kamasho ya nuna mini motar Gummi da haɓa, na je na same shi a gidan gabanta a zaune. Ashe mai su bai yanke shawarar gabas zai yi ko yamma ba, yana can wajen mai shayi ƙafa a ƙasa, yana istihara bisa burodi. Na ce da za a yi adalci, da sai a karɓi kuɗin mota wajen takalman nan, a tafi da su, na hagu ya kwana Gusau, na dama ya kwana Gummi, su riƙa aiko wa ubangijinsu gaisuwa.

Wani ɗana da ya yi boko ya ce kada in ga laifin mutanenmu, wai ci gaba ne. A Amurka, in ji shi, akwai filin wasa na Disney a jihar Fulorida, wanda aka buɗe a 1971, inda tun 1999 suka ƙago takardar kama layin lilo. Daga baya, kafin a soke wannan tsari, har mutum kan zauna a ɗakinsa, saura kwana 60 ya tafi, ya zaɓi sa'ar da za a juya ƙaninsa da matarsa a sama, kuma tun 2021 sai an biya. Na ce masa, "Yaro, su ai suna biya, kuma wanda sa'arsa ta wuce bai zo ba, wurinsa ya faɗi. Namu takalmin ba ya biya, ba ya kuma tashi."

Da abin ya tsaya ga mota da sauƙi. Amma tsohuwa ta yi sammako da jikanta mai zazzaɓi a goye, ta tarar da duwatsu goma sun riga ta layin ganin likita, masu su suna gida suna barci, wannan zalunci ne tsagwaronsa, ko da an yi shi da murmushi. Haka ranar Juma'a, dardumai kan cika sahun farko tun hantsi, masu su kuwa sai liman ya hau mumbari su ɓullo suna tsallake wuyan Musulmi. Ban sani ba ko suna zaton mala'ikun da ke rubuta masu sammako darduma suke ƙirgawa.

Sai dai maganar lilon nan ta tsaya mini a rai, domin yaron ya rantse cewa akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa da ake ɗaure mutum a ciki da ɗamara, a haura da shi sama, a sako shi kai ƙasa har hanjinsa ya kaɗa, kuma wai wannan kaɗawar ita ake saye. Subhanallahi! Mutum da iyalinsa, da lafiyarsa, ya ƙetare teku neman abin da zai firgita shi. Duk mai irin wannan sha'awa, ina ba shi shawara ya riƙe kuɗinsa, ya zo ya bi hanyar Anka da la'asar sakaliya, cikin motar da burkinta sai an taka sau uku, direba yana kallon daji hagu da dama, fasinja kowa na karanta abin da ya sawwaƙa.