Jirgin Wasa da Ɗokin Mai Shi

Ni a ganina ɗoki ne ke kashe ƙaramin jirgin sama na wasa, iska sunanta kawai ake ɓatawa. Kowane manomi a Saji ya san ba a ɗaura wa sa garma ranar da aka sayo shi, sai an hore shi. Haka injin jirgin, wanda bai fi dunƙulen hannu ba. Fistin ɗinsa sabo ne, a matse yake cikin silinda, don haka ɗaure jirgin ake yi a ƙasa, a sakar masa mai har ya riƙa tari yana feshin hayaƙi, bayan 'yan mintoci a kashe, ya huce, a sake tayarwa. Man ma ba fetur ba ne, methanol ne gauraye da man zurma, zurmar nan da ke fitowa a bayan gari ba mai kallonta. Wanda ya ƙagu ya matse allurar da ke daidaita shigar mai don ya ji kuka mai daɗi, injin zai yi zafi ya ɗauke a sama, jirgi kuma ya zaɓi filin saukarsa da kansa, galibi tsakiyar shanyar barkonon maƙwabciya.

Za a ce ɓarna ce a ƙona mai jirgi na ɗaure, yara sun kewaye ka suna "Kawu, yaushe zai tashi?" Kunyar gaskiya ce, amma ta wuni ɗaya ce. Ko Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, labarinsa ya zaga duniya a 2007 alhali bai haura ƙafa 7 daga ƙasa ba. Kai da naka na katako, gaggawar me kake?

Masu jirgin batir za su yi dariya, wai su ba ruwansu da horon inji. To, fiffike fa? Mahaɗar tsakiya ce ke ɗauke da nauyi duk lokacin da jirgi ya yi kwana. Gam na minti ɗaya da ake sayarwa a teburin bakin titi ya fi ƙwarewa wajen liƙe yatsu. Mahaɗa na son siririn katako a ciki, da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a ɗaure a bar shi ya kwana. In ba haka ba, fiffiken dama ya nufi Rano, na hagu ya kama hanyar Kibiya, maƙwabciya kuma ta zo da sauran a cikin faifai tana tambayar wa zai biya barkono.