Ranar da Biran Yankari Suka Karɓe Motar Alhaji

Wani Alhaji mai sayar da kayan gini a unguwar Pantami, cikin garin Gombe, ya ci karo da wani bidiyo a YouTube. Bature ne da iyalinsa a doguwar mota mai gado da kicin da banɗaki, suna shawagi a gandun dajin Yellowstone na Amurka, wanda aka keɓe tun 1872. Alhaji ya kalla, ya maimaita, ya buga cinya ya ce, "Da me suka fi mu? Ba ga Yankari nan a bayan gida ba?"

Shirin nasa ba ƙarami ba ne. Za a fara da Yankari, a dawo a bi ta Kaltungo da Numan da Jalingo har Serti, a shiga Gashaka-Gumti, gandun da ya fi kowane girma a Najeriya, inda dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 yake. Duk wannan a cikin tsohuwar Hiace ɗin da ke yi masa dakon siminti. Aka cire kujerun baya, kafinta ya kafa katako, aka shimfiɗa katifu biyu. Uwargida ta loda tukunyar gas, rabin buhun shinkafa, soyayyun kaji da bokitin dambun nama. Inna, mahaifiyar Alhaji, ta ce ƙafarta ƙafarsu, ta shigo da buta da darduma da ƙullin goro. Yara shida suka cike sauran gurbin. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 ba a cika tanki da dariya, amma Alhaji ya cika bai ce uffan ba.

Suka ɗauki hanyar Bauchi. Duk ramin da taya ta faɗa sai tukwane su amsa daga baya. A wani shinge kafin Alkaleri, jami'i ya leƙa ya ga katifa da murhu, ya ce, "Alhaji, lafiya? Tashi kuka yi daga garin?"

A Dindima ake sauka daga babban titi a yi kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar gandun take. Yara suka yi shewa wai an iso. Ina! Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki akwai sama da kilomita 40 cikin daji, domin Yankari faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa maziyarta a 1962, gwamnatin tarayya ta riƙe shi daga 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Alhaji ya haddace duk wannan, yana ta karanto wa yara. Abu guda ya kuɓuce masa: Bature da bazararsa yake tafiya, shi kuwa dogon hutun makaranta ya bi, ya faɗo tsakiyar Agusta.

Da rani ruwa kan ƙafe a ko'ina, sai giwa da ɓauna da gwanki su tattaru a bakin kogin Gaji, mai kallo ya more. Da damina kuwa kowane kwari tafki ne, ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi sun watsu abinsu. Haka iyalin suka bar motarsu a Wikki, suka yi ta zagaye a wata mota da ɗan rakiya, tsando na ɗirka musu cizo. Suka ga bayan wata dabba da ba a yi ittifaƙi a kan sunanta ba. Suka ga kashin giwa, sabo fil, har Alhaji ya sauka ya ɗauke shi hoto.

"Ranka ya daɗe, da a Maris ka zo," in ji ɗan rakiya.

"Abba, to ina zakin?" in ji Auta.

Ba a samu mai amsa masa ba. Shi dai Autan nan ne ya bar taga a buɗe wai don motar ta sha iska.

Duk wanda ya taɓa kwana a Wikki ya san biran wurin ba baƙi ba ne, su ne masu unguwa. Suna murɗa ƙofa, suna warce leda daga hannun mutum yana ji yana gani. Da iyalin suka dawo, sai suka tarar da wani ƙaton gwaggon biri a kujerar direba, cinyar kaza a hannu, ya ɗora ƙafa kan sitiyari kamar direban da ke jiran lodi a tasha. Wasu biyu na rabon dambu a kan katifa. An farke buhun shinkafa, gaduna na kalace abin da ya zubo ƙasa. Wani ƙarami ya gutsuri goron Inna ya tofar, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Alhaji ya cire hula ya nufe su yana daka tsawa. Babban ya yi hamma, haƙora suka bayyana, nan take Alhaji ya tuna likita ya hana shi tayar da hankali. Inna ta zazzage su da Fillanci, ko gezau. Sai da wani ma'aikaci ya zo da danƙo kafin suka fice, a tsanake, ɗaya riƙe da murfin tukunya.

Da dare aka tsuge da ruwa, rufin mota ya fara yoyo. Uwargida ta ce, "Alhaji, ni da yara dai ɗaki za mu kama." Shi kaɗai ya kwana a motar don kare mutuncin shirinsa, sauro suka taya shi hira.

Abin da ya wanke tafiyar shi ne marmaron Wikki. Ruwa ne garai-garai da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yara suka shiga suka ƙi fita. Inna ta tsoma ƙafa ta ce gwiwarta ta saki. Ganin fuskoki sun washe, Alhaji ya gyara murya ya tayar da zancen Gashaka.

"Kai," in ji Inna, "mai da ni ɗakina."

Magana ta ƙare, aka juya Gombe.

Mai sha'awar ganin giwayen Yankari, waɗanda ke cikin garke mafi yawa da ya rage a ƙasar nan, ya daure ya bari sai tsakanin Fabrairu da Afrilu. Ya kama ɗaki, ya ɗage gilashin mota har sama, kuma kada ya ba Auta ajiyar makulli.