Fito Daga Bargo, Mutumin Zazzau

Gaisuwa ga bawan Kanawa, Bazazzagin da jirgi ya ɗauka ya kai Amurka, ya wuce da shi duk manyan birane ya sauke a ƙauye. Ya bargo? Ya zaman kulle? Labarinka ya iso Kano, kuma ba ta bakin maƙiyi ba, ta bakinka. Duk wanda ka buga wa waya kuka ɗaya kake yi masa: wai garin da aka tura ka kwas ba abin yi, ba wurin zuwa, dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa, rana kuma tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu da rabi. Wai tun da Disamba ta kama, daga aji sai gado. Kai ne fa kake cika mana baki cewa wanda ya sha jaurar Samaru ya gama da sanyin duniya. Ashe jarumtar ta tsaya ne a teburin mai shayi na Kwangila.

Tunda ni ne ubangidanka, ba zan bar ka cikin duhu ba, ko da yake kun ce a garinku aka yanke wa ilimi cibiya. Garin da kake rainawa, Lake Placid, yana cikin duwatsun Adirondack a arewacin jihar Niyok. Mutanensa 2,200 ne da 'yan kai, lungu biyu na Fagge sun ninka su. Amma wannan ɗan mitsitsin gari sau biyu yana karɓar baƙuncin gasar Olamfik ta hunturu, a 1932 da kuma 1980. Mutane suna yankar tikiti daga uwa duniya don su zo su taka abin da kake leƙe ta taga kana tsaki.

Ka san yadda aka fara? Wani Melvil Dewey, wanda ya tsara lambobin da ake jera littattafai da su a laburare, ya buɗe kulob ɗin hutu a garin a 1895. Baƙi kan zo da rani, sanyi na kunno kai kowa ya tsere. A hunturun 1904 sai ya ƙi rufe ƙofa, ya tanadi kayan zamiya, ya mai da sanyin ma abin sayarwa. Ɗansa Godfrey shi ya yi ta fafutuka har aka ba garin gasar 1932. Dabarar mai da abin gudu ya zama haja ta yi kama da tamu, sai dai Bakano ba ya korar mai saye, shi kuwa Dewey kulob ɗinsa ba ya karɓar baƙar fata da Yahudawa. Kulob ɗin ya mutu tuntuni, ƙanƙarar kuma ta zama ta kowa. Ba mai hana ka yau sai ragwanci.

Bari in jera maka abubuwan yi daidai da ƙarfin zuciyarka, wato daga ƙasa. Akwai wani takalmi mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙarƙashin na ƙafa don kada mutum ya nutse cikin dusa. 'Yan asalin ƙasar ne suka daɗe suna farauta da shi kafin zuwan Turawa. Ba ya buƙatar koyo: duk wanda ya iya tafiya ya iya shi, kuma na tabbata a Zariya ana koya muku tafiya. Ka karɓi haya a shago, ka bi sawun tsofaffin mata cikin daji. In ka gaji za su jira ka.

Daga nan sai tafkin Mirror, wanda yake kwance a bayan shagunan babban titin garin. In ya daskare sosai akan share hanya a kansa ta zagaye shi, kimanin kilomita uku, masu tafiya da masu takalmin zamiya suna ta kai da kawo. Ƙa'idar da hukuma ke ba mai tafiya da ƙafa ita ce kaurin ƙanƙara ya kai inci huɗu, wato santimita goma, kuma ta zama garau, ba mai fari-fari ba. Kada ka taka inda ruwa ke shiga tafki ko fita, kada kuma ka je kai kaɗai. Wannan ba zolaya ba ce, don in ka nutse ban san wanda zan riƙa aike ba.

A kan tafkin nan ne masu karnuka suke ajiye kekunansu marasa taya. Ka biya, ka zauna, a lulluɓe ka, garken karnuka su ja ka a guje. Na san tarihinka da kare, na san takalmin da ka bari a Tudun Wada saboda haushin ɗan kwikwiyo. Ga dama ta samu ka rama: su a gaba suna haki, kai a baya kana ƙasaita. Kada ka raina abin, don har a gasar 1932 an yi tseren karnuka na nuni. A gefen tafkin kuma akwai wani dandamali mai tsayin kusan mita tara, ana hawa da katakon zamiya, mutum uku ko huɗu a jere, a sako su su gangaro kan tafki su yi ta tafiya har wajen mita 300. Masu wurin kan ce a sa tsohon wando saboda gogayya na cin yadi. Nan kam ba ka da matsala.

In ka ji ƙafarka ta fara yarda da kai, je gaban makarantar sakandaren garin. Akwai filin zamiya na mita 400 a fili, ba rufi. A nan Eric Heiden, yana ɗan shekara 21, ya cinye lambobin zinariya biyar a 1980, tun daga tseren mita 500 har na 10,000, bai bar wa kowa ko ɗaya ba. Yau ana buɗe filin ga jama'a, yara 'yan shekara biyar suna shawagi a kai. Ka kama hannun ɗaya daga cikinsu, ka ce masa malam.

Akwai kuma sana'ar da aka yi don ku. A tafkin Colby, kusa da garin Saranac Lake, masunta kan huda ƙanƙara, su zura fatsa, su kafa 'yar tuta da ke miƙewa in kifi ya ja, sannan su zauna kan bokiti. Shi ke nan aikin: zama da surutu. Ka yanki lasisin kamun kifi na jiha, ka samu wanda za ka yi wa gardamar nahawu har magariba. Ko ba ka kama komai ba, ka dai yi abin da ka gada.

Sauran na maza ne, ina faɗa maka ne don ilimi kawai. Akwai hanyar zamiya ta cikin daji da ta haɗa Keene da Lake Placid da Saranac Lake, mai suna Jackrabbit, laƙabin wani ɗan asalin Norwe, Herman Johannsen, da ya yi ta zamiya har tsufa ya rasu yana da shekara 111. Akwai dutsen Whiteface mai tsayin mita 1,483, inda ake sulalowa daga sama. Kai da kake mana tutiya da Kufena, je ka ɗaga kai har hularka ta faɗi. A Mount Van Hoevenberg kuwa akwai magudanar ƙanƙara mai lanƙwasa inda 'yan gasa ke wuce kilomita 120 a awa a cikin keken zamiya. Kafin ka ce wannan wasan Turawa ne, ka tuna a 2018 'yan matan Najeriya uku, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, sun kai ƙasarmu Olamfik a Koriya ta Kudu da irin wannan keken, Simidele Adeagbo kuma ta yi wanda ake kwanciya rub da ciki, kai a gaba. Mata ke nan. Kai kuwa matakalar gidanku kake sauka da addu'a.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Saranac Lake, tafiyar minti ashirin daga gadonka. Tun 1897 suke bikin hunturu, a farkon Fabrairu. 'Yan sa-kai kan yanko tubalan ƙanƙara daga tafkin Flower, wani ya haura kilo 200, su gina fada sukutum, a haska ta da fitilu, a yi fareti da wasan wuta. Ƙanƙarar da muke layin saye da tsada a Kano lokacin azumi, su katanga suke yi da ita, kai kuma kana kusa ko hoto ba ka turo ba. Ka kuma san su wa suka raya garin? Masu tarin fuka. Likita Edward Trudeau, wanda shi ma cutar ta kama, ya buɗe musu wurin jinya a shekarun 1880, aka riƙa shimfiɗe su a baranda cikin barguna suna shaƙar iska tsakiyar hunturu, har zuwa lokacin da aka samo maganin cutar a shekarun 1940. Marasa lafiya sun kwana a waje, mai lafiya ya ƙule a ɗaki.

Mutanen nan ba fatar ƙarfe gare su ba. Dare kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, su ma suna ji. Sun dai gane cewa wata huɗu ko biyar na duhu ba a cin su da kwanciya. Wanda ya ƙi fita ya ga hasken rana ya motsa jini, ƙuncin rai ne zai same shi har gado. Sirrin kuma a sutura yake. Ajiye shaddar nan, auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Sa ta ulu a ciki, ka ƙara mai kauri, ka rufe da mai tare iska. Zanna-bukar ba ta san kunne ba, sanyi kuwa kunne da hanci da yatsu yake fara ci. In ka ga fata ta yi fari ta daina ji, shiga ɗaki ka ɗumama ta da ruwa mai ɗumi, kada ka murza.

Ga hukuncina. Kafin fadar Saranac Lake ta narke, ina son hotonka a kan tafki, a tsaye, ba a zaune ba, ba kuma wanda ya riƙe ka. In ka kasa, kuɗin sharar bana ninki biyu ne, kuma da dala. In ka sake kasawa, ka tattaro ka dawo, mu tura yaro ɗaya daga Kantin Kwari a madadinka. Kafin Maris zai iya zamiya, ya buɗe shagon safar hannu a bakin tafki, in ka yi ladabi ya ɗauke ka jiran shago.