Yadda Ake Haƙuri da Mawaƙin da Ya Rage Murya

Masoyan Bruce Springsteen sun gamu da wannan jarrabawa a 1982. Shekara biyu kafin nan, mawaƙin na jihar New Jersey a Amurka ya fitar da The River, ga ganguna, ga gitar lantarki, ga busan saksafon na Clarence Clemons. Kowa na jiran faifan gaba ya fi wannan tayar da ƙura, sai ga Nebraska: mutum ɗaya, gitar katako da ɗan abin busa a baki. Wanda irin wannan ta same shi yana bukatar shawara.

Kada ya saɓi rediyonsa ya nufi wurin mai gyara, lasifika lafiyarta ƙalau. A ɗakin kwanansa a garin Colts Neck Springsteen ya ɗauki waƙoƙin, da 'yar na'urar kaset mai layi huɗu ta Tascam. An gwada su a situdiyo da ƙungiyarsa ta E Street Band, yawancinsu ba su yi armashi ba, aka dawo kan kaset ɗin da ya yi ta yawo da shi a aljihu. Wannan shuu ɗin da ake ji a bayan murya, har da shi aka biya kuɗin faifan.

Sai ya nemi kujera ya zauna, don ƙafa ba ta da aiki a nan. Waƙar da faifan ya ci sunanta labarin Charles Starkweather ce, matashin da ya kashe mutum 11 tsakanin 1957 da 1958. Wata kuma ta ɗan sanda ce da ya bi ɗan'uwansa mai laifi da mota, ya kusa iyakar Kanada, ya tsaya a gefen hanya ya bar shi ya wuce. Wa zai yi rawa da wannan? Wanda ya taɓa nutsuwa ya ji Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa yana ba da labarin karen mota ya riga ya san irin kunnen da ake sawa.

A zauren wasa aikin ya fi wuya. Bayan faifansa The Ghost of Tom Joad a 1995, Springsteen ya zagaya ƙananan zauruka shi kaɗai, yana roƙon jama'a su yi shiru, su bar tafi a tsakiyar waƙa. Mutanen da suka saba jan sunansa da ihu a filin ƙwallo sai suka rasa inda za su sa bakinsu. Mai hankali ya bar ihun a gida. In na kusa da shi ya fara, ya ɗan zungure shi da gwiwar hannu.

Ya kuma riƙe bakinsa kafin ya ce mutum ya tsufa ko ya ci amana. Bob Dylan ya sha ihun wasu a bikin Newport na 1965 don ya ɗauki gitar lantarki, wato laifin da ya saɓa wa na Springsteen. Springsteen kuwa shekararsa 33 kacal lokacin Nebraska, kuma faifan ya kai na uku a jadawalin Billboard. Masu kewar ganga shekara biyu suka jira aka ba su Born in the U.S.A. a 1984, waƙoƙi bakwai daga cikinsa suka shiga goman farko. Ita kanta waƙar da ke ɗauke da wannan suna, a kan waccan 'yar na'urar kaset aka fara ɗaukar ta.