Gizo da Kwangilar Ƙuman Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara Zaki ya yi sa'ar riɗi da zoɓo. Sitonsa da ke yankin ciniki maras shinge na Maigatari ya cika har bakin ƙofa, tireloli na ta jigila zuwa Ikko. Sai wani abokin cinikinsa na bakin teku ya aiko masa da tsaraba: akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da duwatsu masu huji-huji, da kifi guda ɗaya tak. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, amma jikinsa kamar sabuwar atamfa, shuɗi da kore da ruwan goro. Sunansa mandarin, asalinsa tekun wajen Filifin ne. Daga Gumel, daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar, har daga ƙetaren iyaka, dabbobi suka riƙa zuwa kallo.

Ana nan sai kifi ya ƙi cin abinci. Kura ta kawo tsaki, ta kawo garin kifi, ta kawo hanta, ko kallo bai yi ba. Yini yake yana tsattsagar duwatsu kamar kazar da ta rasa tsaba, cikinsa na lotsawa. Da aka sake duba takardar da ta zo da shi, sai aka ga ashe ba ya cin komai sai ƙuman ruwa, su ma masu rai. Ran Alhamis, kasuwa ta cika, Zaki ya sa aka yi shela a kara: duk wanda ya ciyar da kifin nan yana da buhun gero goma.

Kafin sanƙira ya rufe baki Gizo ya karɓi kwangila.

A gida Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ka taɓa ganin teku kuwa?"

Ya ce, "Ke dai! Yuwa ai yuwa ne."

Suka nufi wani tafki da damina ta bari a gefen hanyar Gumel. Gizo ya kamfato ruwa a ƙwarya ya karkata ta wajen rana, sai ga su, ɗigo-ɗigo, ba su kai ƙwayar gero ba, suna zillo kaɗan su tsaya, su sake zillo. Kowanne ido ɗaya gare shi a tsakar goshi. Matan na jan jakar ƙwai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar jaki da mangala. Ƙishirwa ta kama Gizo, ya kai ƙwaryar baki, Ƙoƙi ta fizge, ta tace masa da gefen mayafinta tukuna.

Ƙoƙi ta san abin da take yi. Waɗannan ƙuman na tafki su ne ke haɗiye 'ya'yan kurkunu, mutum ya sha su a ruwa, bayan shekara guda tsutsa mai tsawon kusan mita ta huda masa ƙafa, galibi daidai lokacin noma. Na ga tabon a idon sawun kakata, tana nuna mana shi duk lokacin da muka raina matacin ruwa. A ƙidayar 1988 an samu mutum fiye da 650,000 da ciwon a Nijeriya. Da matata, da rijiyoyin burtsatse, da yawon ƙauye-ƙauye na su Janar Yakubu Gowon da Jimmy Carter aka ci ƙarfinsa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ya ƙare a ƙasar nan.

To, Gizo ya cika tulu, ya ruga gidan Zaki, ya tuttula a akwatin. Ƙuman suka yi 'yar karkarwa, suka zube ƙasa kamar ƙura. Kifi ya zo ya shinshina, ya juya.

Gizo ya ce, "Yanka ya daɗe, ba su saba da gishiyi ba ne. Bayi in koya musu."

Ya je wurin Raƙumi, wanda ya iso da kaya daga Bilma ta Damagaram, ya sayi kantu guda, ya farfasa a sabon tulu. Da gari ya waye tulun na wari. Kura ta shaƙe shi a ƙofar sito, Zaki ya ce a sake shi, amma in kifin ya mutu Gizo zai bi shi.

Ƙoƙi ce ta ɗauki goro ta tafi wurin Malam Kwaɗo, a gindin wata darbejiya bakin tafkin. Ya saurara har ta gama.

Ya ce, "'Yar nan, in kin barbaɗa gishiri a yankakken gauta, me kike gani?"

Ta ce, "Ruwa yake fitarwa, Baba."

"Haka ya yi wa jikinsu. Kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri giram 35 a ciki. Ƙumanmu na ruwan daɗi ne, na teku danginsu ne, amma kowa da gidansa. Kantu kuma na lasar dabbobi ne, da kanwa a jikinsa. Sai an kawo iri daga can."

Biri direban tirela ne ya kawo irin daga bakin teku, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Ya naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu, ya riƙa sassauta murfin don ta sha iska, in rana ta take ya laɓe a inuwa. Ya haɗo da buhun gishirin teku da kwalbar koren ruwa, wato ƙananan tsiron da ƙuman ke ci. Gizo na ganin jarka ya rungume ta zai kai wa Zaki duka, ya karɓi geronsa.

Kwaɗo ya ce, "In ya cinye yau, jibi fa? Manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo, me zai shuka?"

Aka raba biyu. Rabi ya tafi ya riƙe ran kifi, rabi Kwaɗo ya zuba a randa uku da ya binne rabinsu cikin yashi mai laima, gudun zafin kaka. Koren ruwan kuwa ya rarraba a kwalabe ya jera inda hantsi ke dukansu, suna ƙara kauri. Kullum da safe ya ɗiga kaɗan a randa, daidai yadda ruwan zai yi shigen kore. In ya washe, sun cinye, a ƙara. In ya yi duhu, an yi yawa, zai ruɓe ya kashe su. In ruwa ya ragu sai ya cika da na daɗi, don rana ruwa take sha, ba ta shan gishiri. Aikin Gizo shi ne hura iska ta tsinken kara, kumfa ɗaya-ɗaya. Kwana biyu ya ce haƙarƙarinsa na ciwo. Daga nan Kwaɗo ne ke kwana yana kumbura maƙogwaro, Ƙoƙi na karɓarsa da asuba.

Mako guda randa kamar ba kowa. Gizo ya fara ɗaure kayansa a ɓoye. Cikin mako na uku Ƙoƙi ta haska fitila da dare, ta ga bangon randa ya yi yam da ɗige-ɗige masu motsi, ga masu mangala birjik. Ta yi guɗa.

Kwaɗo ya tace kashi ɗaya cikin huɗu kawai da lallausan ƙyalle, ya bar saura su ci gaba da haihuwa. Gizo ya so a kai da rana tsaka, da kalangu. Kwaɗo ya ce sai bayan lisha, an kashe fitilar akwati, kifi ya kwanta. Ya ɗora gorar a kan ruwan har sanyinsu ya zo ɗaya, ya riƙa ɗiga mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan ya nutsa bakinta can gindin duwatsu ya sake su. Suka shige ramuka, inda baki ba ya kaiwa, inda za su kafa nasu gidan. Da safe mandarin na ta tsattsaga, wannan karon yana haɗiya.

Zaki ya ba Gizo geronsa, don shi ya karɓi kwangila. Ya juya ga Kwaɗo ya ce, "Malam, kai fa?"

"Ranka ya daɗe, na ji za ka cike tafkinmu ka gina sabon sito. A bar mana shi."

"Saboda waɗancan ƙuman banza da suka mace a akwatina?"

"Ba ruwansu ba ne, manyan dawa. A nasu ruwan, ƙananansu ne abincin farko na 'ya'yan tarwaɗa da karfasa, kafin bakinsu ya iya ɗaukar wani abu. Kifin da ake soyawa a kasuwar Alhamis da irinsu ya fara."

Zaki ya yi shiru, ya dubi kifinsa, ya dubi Kwaɗo. Ya sa aka mayar da harsashin sito can kan tudu, aka kuma haƙa burtsatse kusa da tafkin don masu sha.

Gizo yana kara yana ba da labarin yadda shi kaɗai ya koya wa ƙuma shan gishiri. Ƙoƙi kuwa ta sayar da buhu biyu daga geron ta sayi randa shida, uku na gishiri, uku na daɗi, ta jera su a gindin darbejiya kusa da na Malam Kwaɗo.

Ƙurunƙus.