Ragu ba ɗan rago ba ne

Zuwa ga taubashina ɗan Kawu, a Maraɗi.

 Ka miƙa mini gaisuwa wurin Kawu da Inna. Saƙonka na murya ya iso nan Paris, wanda ka dage a cikinsa cewa ragu, wannan dafaffen nama da dankali da masu abinci ke sayarwa a bakin tasha, kalmar Hausa ce, wai Faransawa sun ji muna cewa rago ne suka kwashe. Na san abin da ya ja ka. Kai da rago zumuncinku ta fuska biyu ne: akwai mai ƙaho da kake ci, akwai kuma mai barcin hantsi da kake koyi da shi. To amma gyara zama ka ji, don a wannan magana ba ka da gaskiya.

Masu abin suna rubuta shi ragoût, harafin ƙarshe ba a furta shi, na farkon kuma daga maƙogwaro yake fita kamar mai kurkurar baki da asuba. A cikinsa akwai goût, wato ɗanɗano, kalmar da ko ɗan lakwal ya sani. Daga ita aka samu ragoûter, ma'ana a dawo wa mutum da marmarin abinci bayan bakinsa ya mutu, kishiyarta kuwa ita ce dégoût, ƙyama. Ka ga ke nan sunan bai ambaci dabba ba ko kusa, aikin da abincin ke yi wa harshe ya faɗa. Tun a 1651 wani kuku mai suna La Varenne ya fitar da littafin girkinsa cike da ragu iri-iri, Faransawa kuwa ba su kama Damagaram ba sai 1899. Shekara 248 ke tsakani, sai ka gaya mini a wace kasuwar dabbobi suka ji kalmar. Dubi kuma yadda ake dafa shi. A yanka nama gutsi-gutsi, a soya da ɗan mai har gefensa ya yi ja, a zuba albasa, a barbaɗa garin alkama a juya har ya kama jikin naman, sannan a tsiyaya romo, a rufe tukunya, a rage wuta ƙasa-ƙasa wajen awa biyu. Can gaba a jefa dankalin turawa da karas. Idan ya nuna, cokali kaɗai ya isa ya raba tsoka, romon kuma ya yi kauri yana bin bayan cokalin a hankali. Da naman sa ake yi, da na maraƙi, da kaza, da zomo, har da zallar ganye da wake. Na naman tumaki ma suna daban suka ba shi, navarin. Da ragu na nufin rago, da ba su wahalar da kansu neman wani suna ba.

Na san za ka ce to ai farfesu ne ya sa kwat, me ya kai mu aron suna ga abin da muke da shi. Ba ɗaya ba ne, kuma kai da ba ka wuce tayi ka fi kowa sani. Farfesu ruwa-ruwa ne, ƙarfinsa a yaji yake, da masoro da citta da kanumfari, kurɓarsa ake yi har gumi ya keto, shi ya sa ake kai wa mai jego da mai mura. Ragu kauri gare shi, ba ya neman yaji da yawa, da burodi ake dangwalarsa ko a malala a kan shinkafa. Abinci biyu ne, kowanne ya cancanci sunansa. Shi farfesun da kake tutiya da shi ma baƙo ne, daga Ingilishi ya shigo ta Najeriya, romon barkono ke nan a bakin masu shi. Ya daɗe a gidanmu har ka manta ranar da ya sauka.

Saura maganar masu cewa aro yana cinye harshe, kuma wannan damuwa ce da nake girmamawa, don wanda ke zaune a ƙasar wasu ya fi kowa jin zafin kalmar gida idan ta ɓace. Aron da ke ɓarna shi ne wanda ya zo ya kori ɗan gida, kamar a bar tsire da balangu a koma cewa buroshet, alhali muna da sunan kowanne tun kaka da kakanni. Ragu bai kori kowa ba. Da tukunyarsa ya zo, ya tarar babu mai wannan suna, ya zauna, bakinmu kuma ya gyara masa r ɗinsa ya dawo da shi kan harshe. Italiyawa, da ba su haɗa girkinsu da na kowa, su ma sun ara, suna cewa ragù ga miyar niƙaƙƙen nama da suke zubawa a taliya. Mutanen Bolonya har rajistar yadda ake dafa nasu suka yi a hukumar 'yan kasuwar garin a 1982, ba wanda ya ce sun zubar da girma.

Akwai ragu ta uku, tamu ta gado, wadda ake cewa abinci ya ragu. Ita kam ba ka taɓa haɗuwa da ita ba, don kwanon da ka zauna a gabansa ba raguwa yake ba, ƙarewa yake. Cika-ciki ya kusa, kuɗin sharata na bara da na bana duk suna kanka. Ka sayi kilo biyu na nama da dankali da su ka kai wa Inna, ka tsaya daga bakin ƙofa har a sauke tukunya a raba wa yara.

Naka, ɗan Gwaggo.